Tulun Ƙofar Sakatariya

Shekara goma sha ɗaya ina gadin ginin nan,
tun yana takarda a hannun wani yaro daga Dutse,
mai hular kwano da takalmin da bai san ƙaya ba.
Ya kafa turaku a gonar gyaɗar Malam Barau,
ya ce nan ofishin ciyaman, nan ma'aji, nan ɗakin taro.
Na ce, yallaɓai, ina zaure?
Ya ce an daina yayinsa.
Na ce, to mai jira a ina zai sami inuwa?

Bai tanka ba. Ya juya fuskar ginin yamma,
ya jera mata gilashi yana walƙiya kamar haƙorin Makka.
Daga azahar rana kan shigo ta hau kujerun ma'aikata,
duk Kafin Tsamiya ba mai zuwa aiki kamarta.
Akawu Tanimu ya liƙe tagarsa da tsohuwar kalanda,
har yau a ofishinsa shekarar ambaliya ta ƙi wucewa.

Da aka gama, kansiloli suka ce ƙofa ta yi tsirara,
a kafa mata wani abu.
Wani ya ce manomi riƙe da garma.
Liman ya yi gyaran murya, aka sauke manomi.
Masunta suka ce tarwaɗa, makiyaya suka ce ƙaho.
Aka yi zama uku, aka sha lemo katan huɗu,
sannan aka tsaya a kan tulu,
don tulu ba ya jam'iyya,
kuma ba gidan da bai san ƙishirwa.

Cindo magini ya ɗora shi da siminti buhu tara,
ya fi ni tsawo ko na ɗaga sanda.
Ya karkata bakinsa kamar za a tsiyaya wa baƙo,
aka binne bututu a cikinsa.
Ranar buɗewa tanka ta laɓe bayan katanga,
tulu ya zubo, aka tafa, aka ɗauki hoto.
Da la'asar tanka ta koma inda aka aro ta.
Tun ranar 'yan garuwa ke wuce shi da kura,
suna yi masa sannu da hutawa.

Bangon gaba kuwa Jatau mai fenti aka ba,
aka lissafa masa abin da zai zana:
damin gero, riɗi, hannu biyu suna musabaha,
da dagi a sama, kada a ce mun manta asali.
Ya yi, aka biya shi rabi.
Fenti ya ragu a gindin gwangwani,
sai ya zaga baya, wajen janareto,
inda manya ba sa zuwa.

Can ya zana jeren Kyauta, matarsa,
wadda ta rasu kaka biyu kafin nan:
fanteka kan fanteka, faifai mai ja da kore,
har ƙwaryar nan da gyartai ya ɗinke sau biyu.
Bai sa suna ba.
Ni na riƙe masa tsani,
na yi kamar ban ga hannun rigarsa ya jiƙe ba.
Muka rabu ba magana, ko ta gaisuwa.

Yanzu rana ta cinye dagin gaba,
musabaha ta koɗe, saura yatsu uku da rabin dami.
Jeren Kyauta kuwa darbejiya ta rufa masa asiri.
Masu jiran taki, masu neman sa hannu,
tsofaffin malamai masu bin fansho,
can suke shimfiɗa buhu su miƙe ƙafa.
Zauren da aka hana mu ya tsiro da kansa ta baya,
har Ladidi ta kafa kaskon awara,
wurin ya zama 'yar kasuwa.

Tulu ma bai tashi a banza ba.
Bana marka ta cika kwarmin da ke ƙarƙashin bakinsa,
kwaɗi suka tare ba takardar izini.
Da dare, in ciyaman ya koma Dutse da makullai,
nakan kashe tocila in jingina da cikin tulun,
siminti na sakar mini ɗumin rana a gadon baya,
in saurari zaman majalisarsu.
Kowa na magana, ba mai jin wani,
amma dai su duk bakinsu ɗaya:
ruwa, ruwa.